Tari ne ya karya mini haƙarƙari

Salamu alaikum jama'a. Ranar da haƙarƙarina ya karye ba daga bisa moto na faɗo ba, ba kuma wanda ya doke ni. Zaune nike bisa tabarma bayan sallar asuba, cikin hunturun farkon 2022, na ƙudundune da bargo ina tarin nan da na saba yi kowace safiya tun ina yaro, wanda 'yan gidanmu ke cewa shi ne agogonsu, sai kawai na ji ƙas! a gefen dama, kamar an taka busasshen karan dawa. Numfashi ya tsaya mini cak. Na so in kira Inna muryar ta ƙi fita, sai bango na dinga bugawa da hannu har ƙanwata ta leƙo. Shekarata 23 lokacin, kuma wallahi ko a mafarki ban taɓa jin an ce tari na karya ƙashin saurayi ba, tsofaffi na sani da wannan.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. Nan Maradi aka haife ni, Baba da Inna ɗan wa da 'yar ƙani ne, auren gida irin wanda kowa ya sani. Kafin ni an yi wani yaro da ban sani ba, bai kai shekara biyu ba ya koma, tari da zawo, aka ce tamowa ce. Ni kuma na zo da irin nashi sak, in ci in ci ban ƙiba, bayan gida mai maiƙo da wari, ciki ya fito ƙafafu kamar sillen kara, ga tari ba rani ba damina. Abin da kowa ke tunawa shi ne gishiri. In na yi zufa ta bushe sai ka ga fari-fari a goshina da bakin hulata, har kakata Allah ya jiƙanta ta laƙaba mini Kantu, wai da ni a gida ba sai an jira ayarin Bilma ba. Dariya ake yi, ba wanda ya san cewa sunan ciwon ne rubuce a goshina.

Sau biyu ana ɗora ni bisa maganin tarin fuka, wata shida-shida, alhali duk gwajin kakin da aka yi ba a ga ƙwayar ba. An ce asma, an gwada emasi wato sikila an ce ba ita ba ce, rubutu da turare kuwa ba a magana. Ban zargin kowa, likita abin da ya saba gani shi zai fara zato. Sai a 2013 kawuna da ke fatauci ya ce shi ya gaji, ya ɗauke ni muka tafi Tunis. Can aka ɗaura mini wani ɗan abu a hannu aka tara zufata aka auna gishirin cikinta, likitar ta ce in ya kai 60 to ciwon ne, nawa ya haura 90. Sunanshi da Faransanci mukobisidoz, masu Ingilishi su ce sistik faiburosis. Gado ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar da ta samu matsala, su lafiyarsu lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da shi. Ƙwayar CFTR ake kiranta, a 1989 aka gano ta, aikinta shi ne buɗe ma gishiri da ruwa hanya a jikin mutum. In ba ta aiki sai majinar jiki ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe huhu, ta toshe pankireyas wato 'yar tsokar nan da ke bayan tumbi mai zubo ruwan narka abinci.

To daga nan rayuwa ta koma huhu, huhu, huhu. Kafsol na narka abinci kafin kowane ci, maganin kashe ƙwayoyin cuta in kaki ya sauya launi, sai kuma bugun baya. Wannan aikin Inna ne. Safe da yamma in kwanta rub da ciki bisa filo, ta lanƙwashe tafin hannunta kamar za ta ɗebi ruwa ta dinga bubbuga mini baya, ɓaf ɓaf ɓaf, tana yi tana salati ko tana faɗa da ƙannena, har kakin ya saki in tofar cikin gwangwani. Shekara tara tana wannan ba fashi, ko ranar suna ko ranar biki. Duk wanda ya zo gaishe ni ƙirji yake tambaya, ƙaƙa tarin, ƙaƙa numfashin. Ba wanda ya taɓa ce mini ƙaƙa ƙashin, ni ma ban tambayi kaina ba. An dai rubuta mini wasu bitamin a ordonans tun can Tunis amma da kuɗi suka yi wuya su muka fara yankewa, a ganinmu bitamin ai kayan marmari ne.

Ga kuma wautar da na yi da hannuna, ita ce ta fi ci mini rai har yau. Ina lise abokaina duk sun fara gemu muryarsu ta buɗe, ni ina nan kamar ɗan firamare, ana ce mini sanda, ana cewa iska kar ta ɗauke ka. Wani mai tallan magani bisa kai ya ce yana da abin da zai gyara ni, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe. Na saya na sha, kuma gaskiya sati biyu kumatu suka fito, cin abinci ya ƙaru, har numfashin ya yi sauƙi, Inna na ta hamdala wai jiki ya fara kyau. Na yi kusan shekara uku ina sha ina bari a ɓoye. Ashe dekzametazon ne, dangin kotizon, kuma kotizon in aka daɗe ana sha babu abin da ya kai shi cin ƙashi. Kumatun ma ba ƙibar kirki ba ce, ruwa ne da kitse. Duk wanda ke sha yanzu, ko 'yan matan da ke sha don biki, don Allah ku ji tsoron Allah ku ji tausayin bayanku.

Wanda ya fara lura da wani abu ba likita ba ne, telana ne. Ƙaramar sallar 2021 na kai shadda, ya ɗauko tsohon kayenshi da ke da awon kowa, ya ɗora tef daga wuyana ya sake ɗorawa, ya ce "Kai Kantu miƙe mana." Na ce ai a miƙe nike. Ya ce a'a, rigar bara gabanta ya fi bayanta sauka, ka fara doro ko karatu ne ya yi yawa? Muka yi dariya na tafi. Bayana kam yana ciwo tun tuni, wajen tsakiya, amma mai tari kullum ina zai ware ciwon baya daga sauran.

Mu dawo ranar ƙas ɗin. Baba ya ce a kira maɗori, kuma dattijon nan gwani ne, ya ɗora ƙafafu da hannuwa da yawa a unguwarmu sun warke. Ya shafa ya ce tsagewa ce, ya tofa addu'a, ya naɗe mini ƙirji tam da rawani. Na ji daɗin ɗaurin don ciwon ya lafa. Amma ga inda matsalar take, ni tari shi ne sharar huhuna, in ban yi ba majinar nan zama take yi ƙwayoyin cuta su samu gida. In na yi tari kamar an soka mini wuƙa, in na danne kuma ina jin ƙirjin na cika, gaba kura baya sayaki. Na zaɓi dannewa. Kwana uku ina numfashi sama-sama kamar ɗan tsako, Inna ba ta isa ta taɓa bayan ba, a na huɗu zazzaɓi ya rufe ni leɓɓana suka sauya, aka kwashe ni sai asibiti cikin adaidaita, kowane rami na hanya sai na ga taurari.

Abu na farko da likitan ya yi shi ne kwance rawanin, ya ce ba a ɗaure karayar haƙarƙari, balle ga mai irin ciwona, a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi ya samu ya yi tarinshi. Wani anfirme ya koya mini in rungume filo a gefen da ya karye in matse sannan in yi tarin, dabara 'yar ƙarama amma ita ta cece ni. Na yi sati biyu ana ƙarin ruwa da allurai. Da aka yi radiyo sai likitan ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe shina kallo, ya ce haƙarƙari biyu ne, amma ba su suka dame ni ba, dubi nan. Ya nuna mini jerin ƙashin baya, kowane kamar tubali mai kusurwa huɗu, sai guda biyu a tsakiya da gabansu ya lotse kamar an taka gwangwanin madara. Ya ce waɗannan tsohuwar karaya ce, yaushe ka faɗi? Na ce ban taɓa faɗuwa ba. Sai maganar tela ta faɗo mini. Da aka auna tsawona na ragu da santimita uku daga abin da ke cikin katina.

Kawu dai, Allah ya saka mishi, shi ya sake ɗaukar nauyi bayan na murmure muka koma Tunis. Can aka yi mini awon ƙarfin ƙashi da na'urar da suke kira DXA, ka kwanta bisa tebur da kayanka wani hannu ya dinga wucewa bisa ƙugu da baya, minti goma sha wani abu an gama, ko zafi babu. Sakamakon lamba ce da ke gwada ka da sa'o'inka masu lafiya, sifili shi ne daidai, in ka kai biyu ƙasa da sifili an ce ƙashinka ya yi rauni. Nawa na baya 2.7 ne ƙasa da sifili. Likitan ya ce ba ni kaɗai ba ne, cikin manya masu wanga ciwo kusan ɗaya cikin huɗu na da zaizayar ƙashi sosai, kuma haƙarƙari da ƙashin baya su suka fi karyewa. A da can yaran ba su kai girma balle a ga wannan, yanzu da ake rayuwa da ciwon ne ƙashin ya fito da nashi ƙorafin.

Ya ɗauki biro ya zana mini ƙashi a bayan ordonans, kuma bayanin nan har yau ina iya maimaita shi. Ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Daga waje akwai ɓawo mai tauri, daga ciki kuma saƙa ce kamar saƙar zuma, 'yan ƙananan ginshiƙai sun riƙe juna, duk wanda ya taɓa tauna kan ƙashin rago ya ga wurin nan mai soso-soso da ɓargo. Ƙashin baya kusan duka irin wannan saƙar ce shi ya sa yake saurin lotsewa. Ya ce a masu ciwonmu ɓawon kan yi siriri, ginshiƙan ciki su ragu su yi nesa da juna, kuma DXA yawan ƙashin kawai take aunawa ba ta ganin yadda saƙar take, akwai wata na'ura ta daban mai leƙa wuyan hannu da ƙwauri da ke nuna wannan, shi ya sa wani lambarshi ba ta yi muni ba amma ya karye. Ina jin haka sai na tuna azarar ɗakin kakata, daga waje lafiya lau, ranar da ta faɗo muka ga gara ta cinye cikin tas.

Na ce to mi ya haɗa ciwon huhu da ƙashi? Ya ce a jikin kowa akwai ma'aikata iri biyu, masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo, dare da rana. Kumburin da ciwon huhu ke tayarwa yana zuga masu rushewa, kotizon ɗin da na sha kuma yana kwantar da magina. Sannan kayan ginin ma ba su isowa, bitamin D da K cikin maiƙo suke shiga jiki, ni kuwa maiƙon wucewa yake yi ta hanjina ya fita, babu D hanji ba ya jan kalsiyam yadda ya kamata, babu K kalsiyam ɗin ba ya kama ƙashi da kyau. Ga rama, ga jinkirin balaga, ga yawan kwanciya, shi kuwa ƙashi sai yana ɗaukar nauyi yake ƙarfi. Har ita ƙwayar CFTR ɗin akwai ta a cikin ƙashin kanshi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce yawancin ƙashin mutum lokacin balaga ake tara shi, kafin shekara 30 an rufe, daga nan sai ci. Na ce ashe rumbu ne. Sa'o'ina sun cika nasu da kaka, ni lokacin kakar ina kwance ina shan maganin tarin fukan da ba ni da shi.

Wani abin dariya, da gwajin jini ya nuna bitamin D ɗina ya yi ƙasa sosai kawu ya ce ma likitan ina, wannan injin naku ya lalace, yaron daga Maradi yake, rana ce arzikinmu, a watan huɗu zafi na wuce 40. Amma gaskiyar ita ce ni gudun rana nike tun ina yaro, don in na yi zufa gishirina ke tsiyayewa in jiri ya kwashe ni, kullum ina ɗaka ko ƙarƙashin bedi cikin doguwar riga, kuma baƙar fata ta fi daɗewa kafin ta haɗa bitamin ɗin daga rana. Rana na bakin ƙofa amma ba ta shigo ba.

Magani dai sai da aka fara cike bitamin D da kalsiyam, aka tura ni wajen likitan haƙori ya duba bakina, sannan aka ɗaura mini wani ruwa, zoledronat, sau ɗaya a shekara, aikinshi ya taka ma masu rushewar nan birki. An gargaɗe ni cewa na farko na zuwa da zazzaɓi, ai kuwa kwana biyu na yi kamar an daka ni a turmi, na biyu bai yi haka ba. Akwai sabon maganin da ke gyara aikin ita ƙwayar CFTR ɗin kanta, Trikafta, da aka amince da shi a Amurka a 2019, kuɗinshi ya haura dala dubu 300 a shekara, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma an fi yin shi don irin matsalar da ta fi yawa a Turawa, F508del, nawa gwaji ya nuna ba ita ba ce. Na rufe wannan shafin ban ƙara buɗewa ba. Lokacin da aka rufe iyakoki a 2023 ma kafsol ɗin abinci kawai nike roƙon Allah, sai da na koma raba na kwana ɗaya zuwa uku, kilo huɗu suka zube.

Abin da ke hannuna shi nike yi. Fura da nono kullum, cuku in an samu, zogale da ƙuli, miyar kuka, riɗi, ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, ƙwai, man gyaɗa kam garinmu ne, amma ko loma ɗaya ban kai wa baki sai da kafsol in ba haka ba asara ce. Da hantsi in zauna rana kaɗan da hannuwa a buɗe, da la'asar in taka da ƙafa har in ji ƙugu ya ɗauka. Kabu-kabu na rage, in ya zama dole in ce ma yaron malam a hankali ƙwai ka ɗauko. Buhu ko jarkar ruwa an hana ni, abin da ke da ciwo ga namiji a gidan da ƙannenshi mata ke ɗauka yana kallo. Azumi malaminmu ya ce in ciyar, sallah kuwa na yi wata biyu a zaune kafin ruku'u ya dawo. Da maganar auren ƙanwata da ɗan kawu ta taso ni na tsaya na ce a yi gwaji tukuna, an ji haushina a dangi, har yau wata gwaggona ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Wanda ban shirya ma ba shi ne Inna. Likitan ya ce bugun baya ya ƙare, ƙashin ba zai ɗauka ba, ya koya mini numfashi kala-kala da hura tiyo cikin kwalbar ruwa, kumfar na tashi tana girgiza ƙirji kakin ya saki da kanshi. Da na dawo na faɗa mata sai ta yi shiru, ta juya tafin hannunta tana kallo, can ta ce "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, ni na karya ka?" Na ce haba Inna, wallahi ba ke ba ce, hannun nan ne ya kawo ni yau, in da mai laifi to ni ne da sha ka fashe. Ranar ta fara jin labarin ƙwayoyin, ta yi faɗa ta yi kuka ta kuma yi faɗa. Amma na san maganar ba ta fita ranta ba, don na sha kama ta tana kallon bayana in na juya.

Yanzu da safe in na ɗauko kwalbata sai ta jawo kujerarta ta zauna kusa, ba abin da za ta yi amma sai ta zo, ita ke ƙirga mini, goma-goma, in na yi ha'inci ta ce saura biyu. Awon baya-bayan nan lambar ta ɗan motsa zuwa 2.3, santimita ukun dai sun tafi ba su dawowa. Sallar bana da na kai ɗinki telana ya buɗe kayen ya ɗora tef ya duba ya sake dubawa, ya ce yadda yake bara, na ce rubuta kwanan wata a gefe, baɗi ma zan tambaye ka.